Kiɗan Wasan Bidiyo: A Auna Shi da Kunne

A unguwannin N'Djamena yaranmu na wuni da kiɗan wasannin bidiyo, mu kuwa muna ɗaukarsa hayaniya. Kada mu yi gaggawar yanke hukunci. Domin fagen dambe Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙa, ga shi har yau muna saurarenta ba tare da ganin naushi ba. Haka waƙar Baba Yetu, wadda Christopher Tin ya tsara da Swahili domin wasan Civilization IV a 2005, ta lashe kyautar Grammy a 2011. Ma'aunin ɗaya ne: a kashe allo, a kasa kunne. Wanda ya tsaya da ƙafarsa ya cancanci sunan kiɗa. Mu zauna da yaranmu mu auna tare, kafin kunnensu ya saba da kowane tarkace.