Haƙƙin Yaron Da Ba Ya Iya Riƙe Asuwaki

Maganarmu ta wannan mako a kan wani haƙƙi ce, ƙarami a ido, wanda ake tauyewa cikin gidajenmu ba da mugun nufi ba.

Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san asuwaki yana cikin falalolin alwala. Amma mai karantar da wannan babi yakan ɗauka kowane mai sauraro yana da hannun da zai kai bakinsa. To, yaya za a yi da yaron da hannunsa ya ƙage, wuyansa bai tsaya ba, ga shi kuwa yana da haƙora kamar kowa?

Muna nufin masu lalurar nan da wasu ke kira galahanga. Ba ita ce shan inna ba, wadda aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayarta daga Afirka a 2020. Wannan rauni ne da ke samun ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, ko wajen doguwar naƙuda, ko ta dalilin shawara mai tsanani cikin makon haihuwa, ko sanƙarau. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma da yawan masu ita hankalinsu garau ne, gaɓoɓi ne kawai ba su yi musu biyayya.

Abin da ke lalata bakin irin wannan yaro a bayyane yake. Tauna tana yi masa wuya, saboda haka abincinsa kunu ne da koko da fura, galibi da sukari. Harshensa ba ya iya share kumatu, sai abincin ya kwana tsakanin haƙori da dasashi. Bakinsa kullum a buɗe, dasashi yana bushewa. Da yawansu kuma suna da farfaɗiya, wani maganinta da ake kira fenitoyin yakan sa dasashi ya kumbura har ya hau kan haƙora, musamman in akwai dauɗa. Yaron kuwa ba lalle ne ya iya cewa ga inda ke yi masa ciwo ba. Sai ya ƙi abinci, ya yi ta kuka da dare, a ce rigima ce ko iskoki, alhali kuwa bakinsa ne.

Kada a raina wannan. Yaron da ke yawan ƙwarewa, ƙazantar bakinsa takan bi miyau ta faɗa huhu, ta zama ciwon haƙarƙari mai kisa. Ciwon noma kuma, mai cinye fuskar yara ƙanana waɗanda ba su samun isasshen abinci, daga kumburin dasashi yake farawa. Saboda shi aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, a Disamba 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Rigakafin ba shi da tsada. A goge wa yaro baki sau 2 a rana, da safe da kuma kafin barci. Mai gogewa ya zauna bayansa, ya tallafe kansa a ƙirji, kada ya kwantar da shi rigingine domin gudun ƙwarewa. A nemi ƙaramin buroshi mai taushi da ɗan man goge baki mai fulorayid, wanda bai wuce ƙwayar wake ba. In asuwakin marke ko na darbejiya ne, a tausasa bakinsa, a kakkaɓe zaren da ya tsinke, kada kuma a bar shi a hannun yaro. Kada a sa yatsa tsakanin haƙoransa, domin yakan datse ba da saninsa ba. In dasashi ya yi jini, a ci gaba da gogewa a hankali, dauɗa ce ta kawo jinin. In ya kumbura, ko baki ya yi wari, kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada kuma a daina maganin farfaɗiya ba da izinin likita ba. A tafi asibitin Gwarzo ko na Kabo, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda akwai likitocin haƙori.

Malamai, kun fi mu sanin cewa a ciwon ajalin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, Nana A'isha ce ta tausasa masa asuwaki ta miƙa masa. Ku faɗi wannan a wurin suna da majalisin karatu, ku gaya wa maigida cewa aikin ba na uwa kaɗai ba ne. Ku kuma 'yan kasuwa, wanda ke saro kaya daga Kano ya haɗo da ƙananan buroshi masu taushi da man da ke da lambar NAFDAC, domin mutumin Getso ko Garo ya samu kusa da gida.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Amin.