Mai Ziyarar Alƙahira Ya Sauka Daga Tasi

Ba a rasa 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da ke tashi zuwa Alƙahira kowace shekara, wasu neman magani, wasu saro kaya, wasu kuwa ziyarar ɗa ko ƙane da ke karatu a Jami'ar Azhar. Da yawansu kan ware kwana biyu ko uku don buɗe ido. To, amma abin takaici, tun daga ranar sauka har ranar komowa mutum yana cikin tasi, ko kuwa a hannun wani dillali da ya yi masa shatar mota. Kuɗin guzuri su ƙare a kan titi, rabin yini ya tafi a cunkoso, birnin kuwa sai dai a hango shi ta gilashi.

Wannan tsoro ba shi da dalili. Mutumin da ya ga zamanin molue, wanda kullum safiya yake kokawar shiga danfo a Oshodi ko Obalende, ai ya riga ya yi sauka a makarantar da ake bukata. Gaskiya ne Alƙahira da kewayenta ta haura mutum miliyan 20, amma tana da abin da Ikko ba ta samu kamarsa ba sai a 2023, lokacin da jirgin Marina zuwa Mile 2 ya fara aiki, watau jirgin ƙasa na cikin gari. Misirawa na kiran nasu metro. An buɗe layin farko a 1987, shi ne na farko a duk Afirka, kuma yanzu layi uku ne, biyu ma ta ƙarƙashin Kogin Nilu suke ratsawa.

Shigarsa ba wuya. Za a duba jakar mutum a bakin tasha, ya je taga ya faɗi inda za shi, a yanka masa tikiti gwargwadon yawan tashoshin da zai wuce. Lalle ya riƙe tikitin nan da kyau, domin sai da shi ƙofar fita za ta buɗe. Kowane jirgi ana gane inda ya dosa da sunan tasharsa ta ƙarshe: mai zuwa kudu a layin farko, alal misali, Helwan zai nema. Babu ciniki, babu ɗan kamasho, babu direban da zai ce mitarsa ta lalace da ya ji harshen baƙo. Sunayen tashoshi an rubuta su da Larabci da boko, saboda haka wanda ya yi makarantar allo ya ci riba biyu. Ko lissafin kuɗi ma ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, gama talatin da hamsin da sittin da tamanin kusan haka Bamisire ke faɗinsu.

Mai tafiya da iyali shi ya fi kowa dacewa. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragun da aka keɓe wa mata zalla, namiji ba ya shiga, kodayake mace na da ikon shiga kowane tarago in ta so. Magidancin da ke ƙyamar ganin matarsa ko 'yarsa a matse cikin maza, sai su shirya tashar da za su sauka, su haɗu a can.

Ina ne jirgin ke kai mutum? Tashar Sadat tana ƙarƙashin dandalin Tahrir, gefen tsohon gidan tarihi. Tashar Shuhada, wadda kafin 2011 ake kira Mubarak, tana bakin babbar tashar jirgin da ke zuwa Iskandariyya. Wanda ya sauka a Mar Girgis zai fito daidai tsofaffin majami'un Kibɗawa, kuma tafiyar 'yan mintoci ce zuwa masallacin Amru ɗan Asi, masallacin farko da aka gina a Masar, a wajajen shekara ta 642.

Sai dai fa jirgin bai shiga tsakiyar tsohon gari ba, kuma a nan ne masu son tasi ke kafa hujja. Hujjar ba ta da ƙarfi. Birnin da Faɗimawa suka kafa a 969 an yi shi ne domin ƙafa da jaki, kamar dai lungunan Kurmi a Kano. Wanda ya sauka a Ataba ko Babul Sha'ariyya ya taka zuwa masallacin Azhar, ya tsallaka zuwa na Sayyidina Husaini, ya kutsa kasuwar Khan Khalili, ya bi titin Mu'izz har ƙofar Futuh, to wannan shi ya ga Alƙahira. Zai ji ƙamshin turare da gasasshen burodi, ya tsaya ya sha ruwan rake, kiran salla ya riske shi daga hasumiya biyar a lokaci guda. Na cikin tasi yana can kan gada yana jin ham.

Inda jirgi ya tsaya, ƙananan motocin haya ke ɗauka, irin danfo sak, sai dai galibi farare ne kuma sau da yawa ba kwandasta. Fasinjoji ne ke miƙa kuɗi hannu zuwa hannu har ya kai ga direba, canji kuma ya komo ta hanyar da ya bi. Daga tashar Giza irinsu ne ke ƙarasa da mutum wajen dalolin Fir'auna.

Ba a ce tasi ba ta da rana ba. Jirgin bai kai filin jirgin sama ba, kuma mai akwatuna ko marar lafiya ko tsoho bai kamata a jefa shi cikin turmutsutsun safe da na tashi daga aiki ba. Ganuwar Salahuddini da hubbaren Imamu Shafi'i su ma sun yi nisa da kowace tasha. A irin waɗannan wurare a shiga tasi, amma a ga mita na aiki ko a gama magana kafin a zauna. A cikin jirgi kuwa a kula da aljihu, wannan ba sai an koya wa mazaunin Ikko ba.

Akwai kuma wanda ake cuta ba a sani ba, shi ne ɗalibi. Da baƙo ya sauka, sai a aika unguwar ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya a kirawo yaro, ya zama tafinta, ya zama jagora, ya zama mai ɗaukar kaya har mako guda. Kunya ba za ta bar shi ya ce wa kawunsa yana da darasi ba, balle jarrabawa. Alhali kuwa yini ɗaya ya isa ya nuna wa baƙo yadda ake yankar tikiti da yadda ake sauya layi a Ataba, daga nan ya koma wajen malamansa. In son samu ne yinin ya zama Jumma'a da safe, gama ranar hutu ce a Masar: jirgi ba cunkoso, yaron ba shi da aji, kuma daga Abbasiyya tasha kaɗan ce zuwa Babul Sha'ariyya, su taka tare su sami salla a Azhar.