Kilishi A Cikin Akwati: Kewar Abincin Gida Da Amanar Musulmi A Ƙasar Baƙunci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk shekara idan watan Satumba ya gabato, lokacin da jami'o'in Birtaniya da na sauran ƙasashen Turai ke buɗe sabon zangon karatu, gidaje da dama a Kano da Kaduna da Sakkwato sukan shiga hidimar haɗa wa ɗalibai guzuri. Uwa ta daka yaji, ta tankaɗe kuka, ta shanya kuɓewa, goggo ta kawo man shanu da dambun nama, uba kuma ya aika a sayo kilishi. Abubuwa biyu sun ƙara wa wannan hidima nauyi. Na farko, faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta sa duk abin da ɗalibi zai saya a can ya zama da tsada ga mai turo kuɗi daga gida. Na biyu, daga watan Janairun 2024 Birtaniya ta hana mafi yawan ɗalibai baƙi tafiya da iyalansu, sai magidancin da bai taɓa tuƙa tuwo ba ya tsinci kansa shi kaɗai a gaban tukunya.

Kewar abincin gida ba aibi ba ce, ɗabi'a ce da Allah Ya halicci ɗan Adam a kanta. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) gasasshen damo, sai ya janye hannunsa. Da Khalid ɗan Walid ya tambaye shi ko haramun ne, sai ya bayyana masa cewa ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, don haka ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya ci, Annabi yana kallonsa. Saboda haka ɗalibin da ya kasa sakin jiki da abincin Turawa, yana mafarkin miyar kuka, ba a kira shi marar godiya.

Sai dai kewa daban, lalura daban. Lalurar da malamai suka ce tana halatta abin da aka hana ita ce wadda mutum ke tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Sha'awar kilishi ba ta kai nan ba, kuma a nan ne da yawa daga cikinmu ke zamewa.

Dokar Birtaniya ta hana matafiyin da ya fito daga ƙasa irin Nijeriya shiga da nama ko abin da aka yi da madara, ko da don cin kansa ne. Kilishi da dambun nama da man shanu duk suna cikin wannan hani, alhali busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20. Amurka tana wajabta wa matafiyi ya bayyana duk abincin da ke kayansa, kuma tarar ɓoyewa tana iya kaiwa dala 10,000. Ostireliya kuwa tana iya soke bizar wanda ya ɓoye. Saudiyya ma ta hana shiga da goro, abin da hukumar alhazai ta NAHCON take nanata wa maniyyata. Hanin nama ba ƙiyayya ba ce ga abincinmu. Tsoro ne na cututtukan dabbobi da ke iya tafiya a cikin nama su halaka garken ƙasa guda, kuma a watan Afrilun 2025 Birtaniya ta faɗaɗa shi har ya shafi maƙwabtanta na Tarayyar Turai.

Malamai da yawa na wannan zamani suna ɗaukar biza a matsayin yarjejeniyar aminci: an ba ka izinin shiga bisa sharaɗin kiyaye dokar ƙasa, kai kuma ka karɓa. Suratul Ma'ida da umurnin cika alkawura ta buɗe. Wanda ya naɗe kilishi a cikin shadda, aka tambaye shi ko yana ɗauke da nama ya ce a'a, ya haɗa saɓa alkawari da ƙarya, biyu daga alamomin munafunci da hadisi ya lissafa. Kilishin halal ne a zatinsa, amma hanyar da aka bi da shi ta gurɓace. Uwar da ta ɓoye shi cikin ƙauna kuma ta jefa karatun ɗanta cikin kasada saboda abin da zai ƙare a mako biyu.

Akwai kuma al'adar nan ta saƙo, inda za a tare matafiyi a filin jirgi a ce, "Don Allah ka kai wa ɗana wannan ƙullin." Hukumar NDLEA ta sha sanar da kama ƙwayoyi da aka cusa cikin kayan abinci, kuma a Saudiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa. Zumunci bai wajabta wa kowa ɗaukar ƙullin da bai buɗe ya gani da idonsa ba. Wanda ya ji haushin an buɗe saƙonsa, shi ne ya fi cancanta a mayar masa da abinsa.

Adalci ne kuma mu dubi kanmu. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an samu maganin ƙwari mai guba, irin wanda muke kira fiya-fiya, fiye da kima a cikinsa. Waken da aka ƙi a can shi muke dafa wa 'ya'yanmu a nan. Alƙur'ani ya haɗa halal da ɗayyib, wato mai tsarki marar cutarwa. Ɗan kasuwar da ke zuba guba a buhu don ajiya ya cuci na gida, ya kuma rufe wa na waje ƙofa.

To ina mafita? Mafi yawan abin da muke kewa yana can, sunansa ne kawai ya canza. A Masar, lalo shi ne mulukiyya, kuɓewa bamiya, zoɓo karkade, tsamiya kuwa tamar hindi. A shagunan Indiyawa gero shi ne bajra, dawa kuma jowar, ga garin shinkafa da za a tuƙa tuwo da shi. Daddawa tana shagunan Yarbawa da sunan iru, a na mutanen Mali kuma sumbala. Wani abin lura shi ne, 'yan Senegal garin kuka suke kira lalo, don haka mai saye ya duba da kyau. Unguwar Peckham a Landan cike take da shagunan kayan abincin Nijeriya, kamar yadda Sharar Mansur a Makka ta daɗe da zama matattarar masu neman tuwo. Matambayi ba ya ɓata.

Saura batun nama, wanda ya fi kowanne buƙatar ilimi. Kasancewar shago na ɗan Afirka ne ba ya nufin namansa yankan Musulunci ne. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta yankan Ahlul Kitabi, amma mayankan zamani sukan sumar da dabba kafin yanka. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa dabbar da aka sumar sannan aka yanka tana halatta idan an tabbatar tana da rai lokacin yankan. A Birtaniya, hukumar tantance halal ta HMC ba ta karɓar sumarwa kwata-kwata, ita kuwa HFA tana karɓar wadda ba ta kashe dabba. Denmak tun 2014, da yankuna biyu na Beljiyam tun 2019, sun hana yanka ba tare da sumarwa ba. Ɗalibi ya san wannan saɓani, ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi bisa fatawar malamin da ya amince da shi, kada kuma ya fasiƙantar da wanda ya bi ɗaya ra'ayin. Inda ya rasa tabbas, kifi da ƙwai da wake sun ishe shi.

Samarin da Suratul Kahfi ta ba da labarinsu sun farka da yunwa, suka aiki ɗayansu birni da kuɗin azurfa. Abu biyu suka yi masa wasiyya da su: ya nemo abincin da ya fi tsarki, kuma ya bi a hankali kada ya jawo musu fitina. Wannan wasiyya ita ce ta dace da kowane ɗalibi mai shirin tafiya.

Ya ku iyaye, kafin a ɗaure akwati a karanta dokar ƙasar da za a je, a cire abin da aka hana, a umurci yaro ya bayyana sauran ga jami'an kwastan. Watan da ya rage kafin tafiya a shigar da shi madafa, namiji ne ko mace, ya koyi tuƙa tuwo da kaɗa miya. Idan ya sauka, ya fara neman masallaci, domin a can zai sami wanda zai nuna masa mahauci amintacce. Allah Ya tsare 'ya'yanmu a duk inda suke, Ya ciyar da mu da su daga halal, Ya dawo mana da su da ilimi mai amfani. Allah ne Mafi sani.