Nauyin baki ba sunan cuta ba ne

Ɗan ƙanwata, da ke zaune a wani ƙauye a ƙasar Bakura, ya shekara uku da 'yan watanni bai taɓa cewa "Inna" ba. In ƙishirwa ta kama shi, sai ya riƙo hannun uwarsa ya ja ta har gindin randa, ya ɗora hannun nata a kan moɗa, ko kallon fuskarta ba ya yi. Yakan tara marafan kwalba ya jera su a tsakar gida, layi guda tsaf, in wani ya taɓa ko ɗaya sai kuka da birgima. A kira sunansa sau goma ba zai waiwayo ba, amma a yaga ledar biskit a ɗaki, yana ƙofar gida zai sheƙo a guje.

Kakarsa ta yanke hukunci tun da wuri. "Ku ƙyale yaron ga," in ji ta, "ubanai ma sai da yay yi shekara huɗu kahin yay yi magana." Da aka ga shiru, aka kira wanzami ya duba ƙarƙashin harshe ya yanke abin da ya ce linzami ne. Aka yi rubutun sha, aka yi hayaƙi. Ba ni da ja da addu'a, ni ma na sa baki a ciki. Damuwata shekara guda ce da ta tafi a haka.

Daga ƙarshe uban ya ɗauke shi a babur zuwa wani asibiti, shi kaɗai, uwar tana gida tana daka. Likita ya tambaye shi yaushe yaron ya fara zama, ko yana nuna abu da yatsa, ko ya taɓa faɗin wata kalma sannan ya daina, ko ya yi shawara a makon haihuwa. Bawan Allah bai san amsar ko ɗaya ba, don shi da safe gona yake tafiya, ranar Talata kuma kasuwar Mafara. Suka dawo da kwalbar maganin ƙarin jini da kalmar "sai a yi haƙuri".

Nauyin baki alama ce, kamar zazzaɓi. Mai zazzaɓi yana iya zama cizon sauro ne, yana iya zama taifot. Haka yaron da bai yi magana ba. A wannan yanki namu abubuwan da ke iya hana yaro magana suna da yawa, kuma kowane da hanyar gano shi.

Kunne ake fara dubawa. Yaron da ba ya ji ba zai kwaikwayi magana ba. Ba mu manta da sanƙarau na 2017 ba, wanda Zamfara ta fi kowace jiha jin jiki a cikinsa, kuma sanƙarau yakan bar kurumta ga wanda ya tashi. Ƙyanda ma haka, da shawarar jarirai in ta yi tsanani, da kunne mai zubar da ruwa wanda muke ɗura wa man ja mu manta. Tafa hannu a bayan yaro ba gwaji ba ne. Yaro yana iya jin tsawa da ƙarar babur amma sautin magana ya wuce shi. Akwai na'urar da ke auna ji ko da yaron yana barci, ba sai ya amsa komai ba.

Sai jini, kuma a nan labarinmu ya bambanta da na sauran wurare. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum, maƙwabtanmu na kusa. Ƙauyuka irin su Dareta da Bagega duniya ta ji sunansu. An ƙirga waɗanda suka rasu. Dalma kuwa ba kisa kaɗai take yi ba, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta rage masa fahimta da magana. Duk gidan da mai gida yake dawowa daga haƙar zinariya da ƙura a riga, ya kamata a gaya wa likita tun kafin ya tambaya. Tamowa da farfaɗiya su ma a sa su cikin lissafi.

Bayan an kawar da waɗannan ne ake zuwa ga abin da likitoci ke kira otizim, mu kuma muke jin ana cewa galahanga a rediyo. Kalmar nan tana ba ni ciwon kai, don mun mayar da ita buhun da ake zuba kowane yaro: wanda wuyansa bai tsaya ba galahanga, wanda aka haifa da tawayar ƙwaƙwalwa galahanga, wanda yake gudu garau amma ba ya kallon mutane shi ma galahanga. Alhali hanyar taimakon kowannensu daban ce. Wanda nake nufi shi ne yanayin da wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya fara bayyanawa a 1943 bayan ya lura da yara goma sha ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da shi, kuma ya fi yawa ga maza.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai nuna wannan yanayi. Kada a sayar da akuya don a yi hoton kai ana zaton a nan amsa take. Likita yana gane shi ne ta hanya biyu kawai: ya zauna ya kalli yadda yaron yake wasa da mu'amala, ya kuma ji tarihinsa tun daga goyo. Tarihin nan kuwa a bakin uwa yake. Ita ta san cewa ya taɓa cewa "Baba" yana wata goma sha huɗu sannan kalmar ta ɓace. Ita ta san ba ya cin tuwo in miya ta taɓa shi, yana toshe kunne in an kunna injin niƙa, bai taɓa ɗauko wani abu ya kawo mata don kawai ta gani ba. Uban da ya bar ta a gida ya bar rabin gwajin a gida. Na san dalilan: kuɗin mota na mutum biyu, ƙananan yara a ɗaki, ga hanyar da kowa ya san halin da take ciki, musamman ga mutanen Maradun da ƙauyukanta. In dole mutum ɗaya ne zai je da yaron, ni dai a ganina uwar ce, a haɗa ta da muharraminta. A kuma ɗauki bidiyon yaron a waya yana harkarsa a gida, domin a ɗakin likita yakan firgita ya zama wani daban.

Ma'aunin lokacin kai yaro asibiti ba mai wuya ba ne. Yaron da ya shekara ɗaya ba ya gwaranci, ba ya nuna abu da yatsa. Ko ya kai wata goma sha shida babu kalma ko ɗaya. Ko ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba. Ko ya iya wani abu sannan ya ɓace masa, wannan ba na jira ba ne. A fara da babban asibitin Talata Mafara ko na kusa, a nemi takardar turawa zuwa likitan yara a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Yariman Bakura, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In an ce a je asibitin Kware, kada gaba ya faɗi. Mun laƙaba wa wurin suna marar daɗi, amma likitocin ƙwaƙwalwa da halayya a can suke. Na kunne kuma akwai cibiyar ƙasa guda a Kaduna.

A kuma nace a yi wa yaron magana da Hausa. Yaron da bai taɓa jin Turanci ba, in an ce masa ya nuna hancinsa da Turanci ya yi shiru, ba a gwada komai ba. Duban minti biyar ma ba duba ba ne.

Za a ji masu cewa allurar riga-kafi ce ke kawo otizim. Maganar ta samo asali ne daga wani rahoto da aka buga a Ingila a 1998, aka gano maguɗi ne, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma ƙwace lasisin likitan da ya jagoranci rubuta shi. Mu da muka ɗanɗana kuɗarmu a rikicin allurar shan inna na 2003 ba ma bukatar wata sabuwar jita-jita. Hasali ma ranar riga-kafi ce damarmu mafi arha. Uwa tana kawo yaro allurar ƙyanda yana wata tara, ta sake dawowa yana wata goma sha biyar. Mene ne wahala in ma'aikaciyar lafiya, kafin ta miƙa kati, ta tambaya: yana waiwayowa in an kira shi? Yana nuni da yatsa? Kalma nawa yake faɗi? Ba gini ake bukata ba, ba kwangila. Horo ne na 'yan kwanaki da layi uku a jikin kati, kuma Ma'aikatar Lafiya ta jiha tana iya fara shi da ƙananan hukumomin Bakura, Talata Mafara da Maradun.

Shi ɗan namu, daga baya an koma da shi Sakkwato, wannan karon da uwarsa. Kunne lafiya lau. Sai da suka je sau biyu kafin aka faɗa musu sunan abin, aka kuma gaya musu gaskiya cewa babu ƙwayar da ke warkar da shi, sai koyarwa. Yanzu in ya ja ta gindin randa, takan ɗebo ruwan ta ɗaga moɗar kusa da fuskarta, ta ce "ruwa", ta jira ya ɗago ido kafin ta ba shi. Sau ashirin a yini in ta kama. Wata uku ana haka, sai ranar Juma'ar da ta wuce ya dube ta ya ce "wa".

Da labari ya kai ga kakarsa, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba. Ta ce ai dama ta faɗa mana, ubanai ma haka yay yi.