Lokaci ya yi da ɗaliban Arewa za su fita zanen Dallol Mawri

Dallol Mawri tsohon kogi ne da ya daina gudu tun zamanin da, amma kwarinsa na nan, ya ratsa Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Doso, ya gangara har kogin Neja kusa da Gaya. A 2004 aka sanya wani yankinsa cikin jerin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa.

Kwarin yana sauya kama sau da yawa a shekara. Da damina tabkuna su cika, gero ya rufe tudu. Da kaka gonaki su koma ruwan ɗorawa. Hazon hunturu kan dusashe dutsen da garin Dogon Dutsi ya samo sunansa, sannan bazara ta zo ƙasa ta tsage, sai lambuna da gonakin rake kaɗai ke kore.

Ya kamata malaman makarantun yankin su riƙa fita da ɗalibai sau huɗu a shekara, su zauna a wuri guda su zana abin da ke gabansu. Mai zanen nan na Faransa, Claude Monet, haka ya yi a 1896 da 1897: ya yi ta komawa gefe ɗaya na kogin Seine da asuba, yana zana yadda haske ke sauya ruwan.

Wasu za su ce wayar hannu ta wadatar. Sai dai hoto ɗaukar daƙiƙa ne, zane kuwa yana zaunar da yaro awa guda yana dubawa. A zaman ne zai lura da inda korama ta cinye gona, da bakin tabkin da rairayi ke binnewa, da gawon da aka sare. Gani ya kori ji.

Aikin ba ya cin kuɗi. Takarda da fensir da gawayi sun isa, jar ƙasa kuma na nan a gindin dutse. Abin da ya rage shi ne hukumomin ilimi na Dogon Dutsi da Tibiri su ware ranakun, kowace makaranta ta adana zanen da kwanan wata. Bayan shekara 10, magajin garin da ke neman hujjar yashe tabki zai same ta a hannun yaran garinsa.