Daura a Ƙafa: Abin da Kusugu Ke Karewa

Ziyarar ilimi da ɗaliban Hausa kan kai Daura ta daɗe da samun tsari guda. Mota ta sauke su a bakin Kusugu, a buɗe musu ɗakin da aka gina a kan rijiyar, a ja guga su kurɓa, mai kula da wurin ya maimaita labarin Bayajida da macijiya Sarki, a ɗauki hoto, a wuce fada gaisuwa, kafin la'asar an kama hanyar gida. Ɗalibin da ya yi wannan ziyara bai ƙaru da komai a kan abin da ya karanta a aji ba, domin abin da ya haddace kawai aka nuna masa.

Ba wai Kusugu ba ta cancanci ziyara ba ne. Tarihihin da ke kewaye da ita shi ne asalin bayanin Hausa Bakwai, kuma manazarta sun sha yin muhawara a kansa. H. R. Palmer ya buga wani sigarsa a 1928, W. K. R. Hallam ya yi masa filla-filla a 1966, sannan Abdullahi Smith, a maƙalarsa ta 1970 kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, ya ƙi yarda cewa zuwan wani baƙo daga gabas zai iya bayyana yadda sarauta ta kafu. Shi a ganinsa daula ta tsiro ne daga ƙasa: gida ya zama ƙauye, ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa. Abin mamaki shi ne malaman da ke koyar da wannan ra'ayi a aji su ne kuma ke kai ɗalibai bakin rijiya su dawo da su, alhali hujjar Smith tana shimfiɗe a lungunan garin, inda mota ba ta shiga.

Mai tafiya a ƙasa, da zarar ya baro Kusugu, sunayen unguwanni ne za su fara yi masa magana. Sarkin Yara da Ubandawaki, waɗanda a yau sunayen mazaɓu ne a takardun hukuma, asalinsu sunayen sarautu ne. Kowane irin wannan suna tambaya ce: wa ya fara zama a nan, yaushe, kuma me ya sa gidan wane ya kusanci fada, na wane ya yi nesa? Haka maƙera da marina da tsofaffin masallatan unguwa, kowanne yana da dalilin zama inda yake. Amsar tana bakin dattijon da ke zaune a dakalin ƙofar gida, shi kuwa ba ya sakin baki da wanda ya leƙo ta tagar mota. Sai wanda ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce "Baba, barka da hutawa", ya kuma yi haƙurin sauraron abin da bai tambaya ba.

A irin wannan zama ne ƙarni na 19 ke fitowa, wato babin da tarihihin Bayajida ya danne. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fice, zuriyarsa kuma ta rabu, wasu suka kafa sarauta a Zango, wasu a Ɓaure. Kimanin shekara ɗari gidan sarautar Haɓe na wajen birninsa, har Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango a 1906. M. G. Smith ya bi diddigin wannan rabuwa a littafinsa The Affairs of Daura na 1978, kuma har yanzu ba a maye gurbinsa ba. Amma littafin sarauta ne da muƙamai. Wane gida ne ya bi sarki gudun hijira, wane ne ya zauna, wa ya tarar da wani a filin kakansa bayan dawowa, duk wannan yana hannun iyalai, musamman tsofaffin mata, waɗanda a garin Daurama ma ba kasafai mai bincike ke neman izinin shiga ya gaishe su ba.

Za a ce lokaci da kuɗi ba sa isa, kuma halin tsaro ya sa shugabannin sassa na ɗari-ɗari da kwanan ɗalibai a waje. Uzuri ne na gaskiya. Sai dai kuɗin motar da ke ɗaukar ɗalibai hamsin na yini guda zai iya riƙe biyar na mako guda, kowanne da unguwarsa da ɗan jagora daga cikinta, su dawo da taswirar hannu da muryoyin da suka naɗa a waya. Akwai kuma haɗarin da ya kamata a faɗa musu tun farko: mai ba da labari yakan gyara tarihin gidansu, don haka ba a rufe littafi a kan bakin mutum ɗaya.

Kusugu tana da rufi da mai tsaro, za ta jira kowa. Tsohon zauren ƙasa da magada ke shirin rushewa su sa bulo, da tsohuwar da ta ji labarin dawowar Malam Musa daga bakin kakarta, su ne ba su cikin jadawalin ziyarar kowane sashe.