'Yan kabu-kabu, haƙori ɗaya ba ya mai da moto jirgi

Yau da 'yan kabu-kabu nake.

Wani yayi ya shigo gari: a kai moto gareji, a cire pinyon na gaba, wato ƙaramin farantin da ke jan sarƙa, mai haƙora 14, a sa mai 15, wai don a riƙa sheƙa gudu bisa kwaltar Tibiri. Haba samari! Haƙorin nan ɗaya, kusan kashi 7 cikin 100 yake ƙara wa gudu, kuma kusan haka yake rage wa ƙarfin ja. Inji bai ƙaru da komi ba.

To, ɗauko buhun zogale da mai shi daga Jiratawa, ka faɗa rairayi, ka gani. Moto na nishi, kai kana matsa kuloci har ya ƙone, kuɗin da ka tara su koma gareji. Birki kuwa na jiya ne, ba wanda ya taɓa shi.

Ku ma makanikai, ku ji tsoron Allah. In haƙora sun cinye, ku sauya faranti biyun da sarƙa tare, daidai girman da kamfani ya sa. Matar da ke zaune a baya uwar wani ce.

Allah ya kiyaye hanya.